Shekara Guda a Zuhalu

A gaɓar dam ɗin Dadin Kowa
na kafa ƙafafu ukun madubin awon Baffa Manga,
wanda ya auna gonaki da hanyoyi da shi
har tagullar ta yi baƙi a wurin riƙo.
An ɗauke wuta a gari. Madalla.
Sama ta sauko ta kwanta kan ruwa.

Furera, runtse ido ɗaya.
Kar ki taɓa, numfashinki ma girgiza shi yake.
Me kika gani?
"Ƙwayar gero," ta ce, "ta ɗaura faifai a ƙugu."

Zuhalu ke nan.
Ƙwayar nan sai ta haɗiye duniyarmu sau ɗari bakwai
ba ta yi gyatsa ba.
Amma babu ƙasar da za a kafa turke a can,
iska ce a cure, iska bisa iska;
da Baffa ya je, da littafin awonsa ya dawo fari fat.
Ga girma, ga rashin nauyi:
da akwai dam ɗin da zai ɗauke shi
da ya taso sama kamar gora.
Gidado masunci, yana ɗinkin koma a gefenmu,
ya ce wannan kam sai ya gani da idonsa.

Faifan kuwa ba saƙa ba ne.
Ƙanƙara ce warwatse,
wata kamar tsaba, wata kamar rumbu,
kowace na kan hanyarta, ba ta riƙe da 'yar'uwarta,
sai daga nesa suke zama zobe.
Kamar danginmu.
Faɗinsa ya fi rabin hanyar zuwa wata,
kaurinsa a wani wurin bai wuce tsayin giginya ba.
Akwai 'yan watanni masu kiwo a bakinsa,
in ƙanƙara ta fanɗare su koro ta garke.

"Watanni?"
Mu guda gare mu, kullum muna gardamar ganinsa.
Nasa sun haura ɗari, ana kan ƙirga.
A can, wa zai iya tsayar da ranar Salla?

Ɗigon nan na gefe shi ne Taitan,
ya lulluɓa da hayaƙi ruwan goro.
Yana da damina, yana da rafuka da tafkuna,
sai dai ruwan nasa dangin gas ɗin girki ne.
"Akwai tarwaɗa?" in ji Gidado.
Babu.
Ya koma kan komarsa.

Akwai wani ƙarami, fari kamar alli,
madubinmu ba zai kai gare shi ba.
Teku mai gishiri na kwance ƙarƙashin ƙanƙararsa,
yana tsartuwa ta tsagogi har sarari,
kamar Wikki ta gaji da kwanciya ta miƙe tsaye.
Wani kuma rabin fuskarsa gawayi, rabi nono,
ya rasa wace zai nuna wa baƙo.

Hasken da ke idonki yanzu
ya baro gida tun kafin a kira isha'i.
Ya fi awa guda yana gudu
don ya faɗo cikin wannan tsohon gilashi.

Abin da ban faɗa mata ba:
ina shekara tara Baffa ya ɗora ni kan akwati a nan,
tafinsa a keyata, yana warin man inji,
ya ce runtse ido ɗaya.
Shekara ashirin da tara ke nan.
Zuhalu ya kewaya rana sau ɗaya tak,
ya dawo daidai inda muka bar shi,
zoben ya karkata yadda ya karkata a daren.
Mu mun yi aure, mun yi suna, mun kai Baffa makwanci,
a can ko shekara ba ta gama cika ba sai yau.

"Baba, ya gudu!"
Bai gudu ba, mu ne muke juyawa.
Kawo hannunki. Ga ƙusar nan,
murɗa ta a hankali, hagu kaɗan.
Yauwa.